Muryar Yaya a Wayar Inna

Gidanmu na unguwar Yara a Keffi gidan masu hadda ne. Kakanmu da ka ya rubuta Alƙur'ani, mahaifinmu mahaddaci ne, Yayana kuwa tun gemu bai fito masa ba ya sauke tasa haddar. Ni kaɗai aka ce kaina rariya ne, a zuba ta sama ya fice ta ƙasa, shi ya sa na ƙare a koyarwar firamare inda komai sai an rubuta shi a allo. Ba don yabon gida na kawo wannan ba. Ina so ne a san irin mutumin da abin ya faɗa wa, domin da ni ce ya samu, kowa cewa zai yi dama an saba.

Tun da Baba ya rasu, Innarmu ba ta da wani buri a duniya sai zuwa Makka. Gwiwoyinta sun fara ba ta matsala, in za ta tashi daga sallaya sai ta dafa bango. Kullum maganarta ɗaya ce: “Ku kai ni tun ina iya ɗawafi da ƙafata. Ni ba na son a riƙa tura ni a keke kamar buhun masara.” Yaya ne ya ɗauki nauyin. Yana da shagon kayan gini a bakin titi, su fenti da ƙusa da kwanon rufi, yana tarawa a hankali. To amma duk lokacin da ya kusa kamowa sai kuɗin kujera ya ƙara tashi, naira kuma ta ƙara zubewa. Ana cikin haka wani mai sayen kaya a wurinsa, cikin ma'aikatan nan da ke kwana Keffi su yi aiki Abuja, ya koya masa kirifto, wato kuɗin intanet, irin wanda darajarsa ke bin dala. Yaya ya kwashe abin da ya tara wa Inna ya zuba a ciki.

Ni kaɗai ya gaya wa, ranar wata Asabar da na biya shagon. Ya yi min bayani dalla-dalla. Asusun ba shi da banki, ba shi da manaja, ba ofishin da za ka je ka kai kuka. Mabuɗinsa kalmomi ne goma sha biyu na Turanci, a jere, ba abin da ya haɗa wannan da waccan. Ko wayarka ta faɗa rijiya, in kana da kalmomin ka buɗe asusunka a wata wayar. Haka kuma duk wanda ya same su, ko a bangon duniya yake, kuɗin sun zama nasa.

Na ce, “To ina ka ajiye takardar?”

Ya ce, “Wace takarda? Na ƙone ta, na zuba tokar a kwata.”

“Ka ƙone? Yaya, lafiyarka kuwa?”

Ya yi dariya har da buga kanta. Ya nuna ƙirjinsa ya ce, “Suna nan. Ke kin manta abin da gara ta yi wa takardun filin Baba? Takarda ruwa ya ci, wuta ta ci, ɓera ya ci. Mai shara ya gani ya ɗauki hotonta. Amma abin da ke ƙirji wane ɓarawo ne zai fasa ya ɗauka?”

Na ce, “In ka manta fa?”

“Haba malamar alli! Wanda ya ɗauke izu sittin, kalma sha biyu ce za ta gagare shi?”

“To in ka mutu fa?”

Ya ce, “Bakinki ya sari ɗanyen kashi.” Ya miƙo min gyaɗa a leda ya ce in ci in rufe masa baki. Raina ya ɓaci, na ce masa taurin kai ne kawai irin na mazan gidanmu, na ɗauki gyaɗar na yi tafiyata.

Kowa a gidanmu ya san hadda ba a ajiye ta, sai da bita, in ba haka ba guduwa take yi. Yadda Yaya ya saba da karatunsa haka ya yi wa kalmomin nan. In ya gama tilawarsa ta safe ya shafa, sai ya bi su su ma a ransa. Yana share gaban shago leɓensa na motsi, yana kan mashin leɓensa na motsi. Matarsa ta ɗauka zikiri ne, har tana ba ni labari wai Malam ya ƙara riƙon ibada. Ni dai na yi gum, don ya ce kada in gaya wa kowa.

Da damina ta kankama aka kira ni aka ce Yaya ba lafiya, zazzaɓi ne, an kwantar da shi a asibiti. Lokacin ina koyarwa a Garaku, kuma tunda kuɗin mota ya yi tsada sai na kama ɗaki a can, ba na dawowa gida sai Juma'a. Matarsa ta ce min ana ƙara masa ruwa, da sauƙi. Ashe ba ta son tayar min da hankali ne. Zazzaɓin ya hau masa kai, har ba ya gane mutane.

Ranar Alhamis da hantsi, lokacin hutun ƙarfe tara, muna zaune a ofishin malamai ina gyaran jarrabawar yara. Wata abokiyar aikina, 'yar ƙabilar Eggon ce, Madam muke ce mata, tana gefena tana latsa waya. Sai ta ce, “Kai, duniya! Malama, saurari wannan. A guruf ɗin matan cocinmu aka turo, wai a taya su da addu'a. Wani mahaddaci ne a Keffi aljanu suka shige shi suna Turanci.” Ta ƙara sauti ta ajiye wayar a kan tebur.

Da farko nishi na ji, da ƙarar fanka. Sai wata murya ta fara karatu, a gajiye, tana ja tana tsayawa. Tun ayar farko na gane mai muryar, don ko cikin barci aka tashe ni na san karatun Yaya. Karatun ya yanke. Sai ya fara wani abu dabam. Kalma, ya numfasa, wata kalmar, ya numfasa. Turanci ne. Ta farko sunan wata dabba, ta biyu wani abu na kicin, ta uku ban ma san ma'anarta ba. Kuma ba a cikin maƙoshi yake faɗa ba. Bakin mahaddaci ne, kowane harafi sai ya ba shi haƙƙinsa, tas-tas kamar yana biya wa ɗalibai. Da ya kai ƙarshe sai ya sake komawa farko.

Ban taɓa jin kalmomin ba, amma hannuna da kansa ya fara lanƙwasa yatsu a ƙarƙashin tebur. Goma, sha ɗaya, sha biyu. Ya koma farko. Na sake ƙirgawa, sha biyu cif.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Jan biron da ke hannuna ya faɗi ban sani ba. Madam tana ta magana, wai Allah sarki, dubi yadda suke maimaita abu ɗaya, ni kuwa kunnena ya toshe. Da ƙyar na ce, “Madam, wa ya turo miki?” Ta ce wata ce ta sa a guruf, ita ma maƙwabciyarta Musulma ce ta turo mata, ita ma waccan turo mata aka yi. Na ce, “Yayana ne.” Ta dafe ƙirji ta miƙe za ta rungume ni, na ture hannunta na fita da gudu, ko hedimasta ban yi wa sallama ba.

A mota na sayi data na buɗe wayata, don kwana biyu ban hau ba. Ga shi nan a guruf ɗin dangi. Ga shi a na matan Islamiyyar Angwan Iya. Ga shi a na tsofaffin ɗaliban ajinmu. Ko'ina da rubutu a ƙasa: a yaɗa saboda Allah. Mutane kuma sun jera amin, amin, Allah ya ba shi lafiya, Allah ya raba shi da su. Na kira matar Yaya ba ta ɗauka ba. Direba kuwa kamar da gayya, duk wanda ya ɗaga hannu a hanya sai ya tsaya. Na ce, “Malam, don girman Allah ka taka motar nan!” Ya ce in ina sauri in yi shata. Da ina da hali wallahi da na mare shi.

Na tarar da Inna a barandar asibiti kan tabarma, carbi a hannu, Gwaggo ƙanwar Baba tana gefenta. Fuskar Inna fes. Tana hango ni ta ce, “Zo, zo ki ji abin arziki. Yayanki ya farka! Ɗazu ya kira ni da bakinsa, har kunu ya sha.”

Na durƙusa na gaishe su. Na ce, “Inna, wa ya ɗauki muryarsa?”

Ta ce, “Ni mana. Da hannuna.” Tana faɗa tana murmushi.

Ta kwashe labari ta ba ni. Shekaranjiya ciwon ya tsananta, bai san matarsa ba, bai san ita kanta ba, sai karatu yake. Wannan bai dame ta ba, ta ce ai ɗan gidan ne, abin da ke cikinsa ne ke fitowa. Amma da ya koma wannan baƙon yare sai Gwaggo ta ce wannan ba shi ba ne, wani ne ke magana da bakinsa, likita ba ya maganin wannan. Mu kuwa a gidanmu tun asali, in ciwo ya yi tsanani akan aika wa malamai a nemi addu'a. Da, mutum ake tashi ya tafi da goro. Yanzu waya ta hutar da kowa. Gwaggo ta kira wani malami abokin Baba, ya ce a ɗauko masa abin da yake faɗa ya ji ko wane iri ne. Inna ba ta karatun boko, amma saƙon murya kam ta fi ni iyawa. Ta kara wayar a bakinsa, ta jira sai da ya maimaita sau da yawa don malam ya ji sosai.

Ta ce, “Da na tura wa malam sai na ce me zai hana in tura wa dangi? Na ce musu kowa ya tura gaba. Ai ba a san bakin da Allah zai karɓa ba. Ga shi kuwa kin gani.”

Gwaggo ta ce, “Ƙwarai. Tun jiya suka sake shi. Ba su sake cewa uffan ba.”

Na kalle su, tsofaffi biyu, sun kwana sun wuni a kan siminti saboda shi. Na ce bari in shiga in gan shi.

Yaya ya rame, idanunsa sun faɗa, robar ƙarin ruwa a bayan hannunsa. Ya gan ni ya yi ɗan murmushi ya ce, “Malamar alli, an gudo daga aji?” Na roƙi matarsa ta je ta samo min ruwan sanyi. Tana fita na rage sautin wayata na kara masa a kunne.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Da ya ji karatunsa sai ya ɗan lumshe ido. Da kalma ta farko ta fito sai ya buɗe su gaba ɗaya. Leɓensa ya fara bin muryar, shi da kansa, kafin ya ankara ya datse bakinsa da tafin hannu. Ya ce, “Wa ke da wannan?”

Na ce, “Ka ce wa ba shi da shi. A Garaku na ji, a wayar Madam.”

“Ba ni wayata.”

Tana ƙarƙashin filo. Na riƙe masa ita ya dangwala yatsa. Ya shiga nan, ya shiga can. Ni dai fuskarsa nake kallo, ina addu'ar da ban san me nake cewa ba. Ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya kife ta a ƙirjinsa ya kalli silin.

Ya ce, “Yaushe aka tura?”

“Shekaranjiya.”

“Jiya da hantsi aka kwashe.”

“Duka?”

“Ko na shan ruwa ba a bari ba.”

Ya yi salati a hankali. Ni kuwa na miƙe na ce yau sai Gwaggo ta ji daga bakina, ita da aljanunta, mutum na fama da zazzaɓin sauro an ce iska ce! Ban kai ƙofa ba na ji an riƙe min hijabi. Da hannun da ke da allura ya riƙe, har jini ya biyo robar.

Ya ce, “Zauna.” Na zauna. “In kika gaya wa Gwaggo, Inna ta ji. In kuwa Inna ta ji cewa da hannunta ta yi, kin san ba za ta ƙara kwana da daɗi ba. Wallahi in maganar nan ta fita daga bakinki ban yafe miki ba.”

Na ce, “Ai sai da na ce ka rubuta!”

Ya ce, “Kin ce kada in manta. To ban manta ba.”

Na fashe da kuka, na toshe bakina da hijabi don kada a ji a baranda. Gaskiya ya faɗa. Ni duk tsorona mantuwa ce da mutuwa. Ko a mafarki ban taɓa kawowa cewa mutum zai manta matarsa, ya manta uwar da ta haife shi, amma abin da ya yi ta bita ya zauna daram har ya fito da kansa ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai har yau shi ne wanda ya kwashe. An turo masa muryar marar lafiya ana neman addu'a. Ya saurara, ya gane ko mene ne, ya nemi biro. Ya mayar da muryar baya ya sake ji don kada ya kuskure ko ɗaya. Wataƙila ma sai da ya rubuta amin a guruf. Yaya ya nuna min inda kuɗin suka tafi, wani dogon jerin haruffa ne da lambobi, ba suna, ba gari. Zai iya zama wani a Legas ko a wata ƙasar da ba mu taɓa jin sunanta ba. Zai kuma iya zama cikin waɗanda suka yi ta zuwa dubiya da lemo da ayaba a leda. Kwanakin da suka rage a asibitin duk wanda ya shigo sai in tsura masa ido, musamman masu manyan wayoyi, har matar Yaya ta ce min lafiya nake hararar baƙi? Ban gane kowa ba, sai dai na rasa yarda da kowa.

Bayan an sallame shi ya samu Inna ya ce mata kasuwa ta juya masa baya, abin da ya tara ya salwanta, bana ba zai yiwu ba. Ina wurin. Inna ta murza gwiwarta. Sai ta ce, “Allah bai kira ba ne. Kai dai tunda ka tashi ai shi ke nan, kada ka sa wa ranka damuwa.” Ita ce ma take ba shi haƙuri. Yaya ya sunkuyar da kai bai ɗago ba har ta tashi ta shiga ɗaki.

Da lokacin tafiyar alhazai ya zo, aminiyarta ta Angwan Iya ta samu kujera. Inna ta sa na raka ta sallama, ta ba ta saƙon addu'o'i, muka dawo gida a keke napep. Yanzu a kan kujera take sallah. Daga ɗakinta zuwa zaure sai ta huta a hanya. Yaya ya sake fara tara kuɗi daga farko, ban tambaye shi inda yake ajiyewa ba, shi ma bai gaya min ba. Mu biyun mun san ko ya tara, maganar ɗawafi da ƙafa ta wuce. Wata rana a shago ya ce min kalmomin nan har yanzu suna nan. Ya daina bita, ya yi duk yadda zai yi su fita, sun ƙi. Yana cikin auna wa mutum ƙusa sai ya ji su suna jeruwa a kansa.

Inna kuwa ba ta goge muryar ba. Ta zama abin nunawarta. Duk baƙon da ya zo, in hira ta kai kan ciwo da ikon Allah, sai ta laluba wayarta ta ce, “Tsaya ku ji yadda ɗan nan ya koma.” Ta kunna, kalmomin su cika tsakar gida ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta nuna Yaya in yana kusa ta ce, “To ku dube shi yanzu. Da na tsaya jin kunya ban tura wa mutane ba, da wani labarin ake.” Baƙi su ce Allahu akbar. Yaya ya ce, “Haka ne, Inna,” idonsa a ƙasa.

Kwanan baya wayar tata ta fara mutuwa da kanta, na yi ƙoƙari na saya mata wata. Na zauna a bakin gadonta ina mayar mata da lambobin mutane. A raina na ce alhamdu lillahi, yau dai muryar nan za ta bi tsohuwar waya, Yaya ya huta. Ina cikin haka ta dafa hannuna.

Ta ce, “Kin sa min muryar Yayanki?”

Na ce, “Inna, ai ya warke. Me za ki yi da ita kuma?”

Ta ce, “Ke ba ki san komai ba. Ni ban taɓa yi wa ɗan nan wani abin kirki da ya kai wannan ba. Sa min.”

Na tura mata. Ta ce in kunna ta ji ko ta shiga daidai, na kunna, muka zauna ni da ita muka saurara har ƙarshe.